Shan taba cikin jama'a: doka tana nan, saura aiki da ita

Ran 15 ga watan Mayu na shekara ta 2006, ƙasarmu Nijar ta kafa doka mai lamba 2006-12, wadda ake kira dokar yaƙi da taba. Dokar ta hana shan taba a wuraren da jama'a ke taruwa, da wuraren aiki, da cikin motocin haya. Ta hana tallar taba, ta kuma hana a sayar da ita ga yara. Cikin shekara ta 2008 gwamnati ta fitar da ƙa'idodin zartar da ita. Tun daga nan shekaru da yawa sun wuce. Amma duk mai shiga tasha, ko kasuwa, ko rumfar mai shayi, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ya san hayaƙin sigari bai bar hancin mutane ba. Da yawa daga cikinmu ma ba su taɓa jin labarin dokar ba.

Jama'a masu karatu, ra'ayinmu a kan wannan magana a fili yake. Dokar mai kyau ce, kuma domin amfaninmu aka yi ta. Sai dai doka a kan takarda kamar iri ce cikin rumbu: in ba a kai ta gona ba, ba ta tsiro. Jandarma ba zai shiga kowace mota ba, ɗan sanda ba zai zauna a kowace fada ba. In muna son dokar ta yi rai, sai mu talakawa mu ɗauke ta tamu.

Abin da ke cikin hayaƙin

Masu bincike sun auna hayaƙin sigari, sun samu abubuwa iri-iri sama da 7.000 a cikinsa. Wajen 70 daga ciki an tabbatar suna kawo ciwon sankara. Uku ne ya kamata kowa ya riƙe sunansu.

Na farko shi ne nikotin. Shi ne ke kama mutum, ya hana shi sukuni in bai sha ba. Yana sa zuciya bugawa da sauri, yana matse jijiyoyin jini, yana ƙara hawan jini. Na biyu wani baƙin danƙo ne mai kama da kwalta. Shi ke rina haƙora da yatsun mashayi, shi ke manne wa huhu. Cikin maƙogwaro da hanyoyin numfashi akwai ƴan ƙananan gasu da ido ba ya gani, masu share ƙura da majina su fitar da su waje. Wannan danƙo yana kashe musu ƙarfi, sai datti ya taru, tari ya zauna. Na uku wata iska ce mai guba, irin wadda gawayi ke fitarwa in an hura shi cikin ɗaki a rufe. Tana shiga jini ta tare wurin iska mai kyau. Shi ya sa mashayi ke haki tun bai kai ƙarshen kunya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutane sama da miliyan 7 kowace shekara. Kuma kashi 80 cikin 100 na masu shan ta suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, inda lokotoro ya yi kaɗan, magani ya yi tsada.

Wanda bai kunna ba, shi ma ya sha

Ga inda maganar ta shafi kowa. Cikin mutanen da taba ke kashewa a shekara, fiye da miliyan 1 ba su shan ta. Hayaƙin wasu ne suka shaƙa, a gida ko a wurin aiki ko a mota.

Sigari tana fitar da hayaƙi ta hanya biyu: wanda mashayi ya zuƙa ya fesar, da wanda ke tashi daga bakin karan yana ci shi kaɗai. Wannan na biyu bai bi ta cikin audugar gindin sigari ba, kai tsaye yake zuwa hancin na kusa. Cikin shekara ta 1981 wani lokotoro ɗan ƙasar Japan mai suna Takeshi Hirayama ya fitar da sakamakon wani dogon bincike. Ya bi lafiyar matan aure sama da 90.000 waɗanda ba su shan taba. Ya samu cewa matan da mazansu ke sha sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu, kuma gwargwadon yawan shan miji, gwargwadon haɗarin matarsa. Daga baya bincike da yawa sun tabbatar da maganarsa. An gano cewa mai zama da mashayi, haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa gare shi da kashi 25 zuwa 30 cikin 100.

Yara su ne suka fi shan wahala. Huhunsu ƙarami ne, kuma suna numfashi da sauri fiye da babba, saboda haka suna kwasar hayaƙi da yawa. Yaron da ke girma cikin hayaƙin taba ya fi saurin kamuwa da ciwon haƙarƙari, da fuka, da ciwon kunne mai fitar da ruwa. Mace mai juna biyu da ke shaƙar hayaƙin tana iya haihuwar jariri marar nauyi. Kowace ungozoma ta san irin faman da ake yi kafin a raya irin wannan jariri a ƙauye mai nisa da likita.

Mu duba motar haya da ta tashi daga Maraɗi za ta Damagaram lokacin hunturu. An rufe gilasai saboda sanyi da ƙura. A ciki akwai tsoho mai tari, da mace mai goyo, da marar lafiyar da ake kai wa asibiti. Mutum ɗaya ya kunna kara ɗaya, mutum goma sha tara sun sha tare da shi. Shi ya zaɓa, su ba su zaɓa ba. Wannan shi ne tushen dokar gaba ɗaya. Ba a ce za a bi mutum har ƙuryar gonarsa a ƙwace masa taba ba. An ce ne iskar da ake tarayya a kanta ta kowa ce, kamar ruwan rijiyar gari. Ba wanda zai yarda wani ya wanke ƙafarsa cikin rijiya don kawai gugan nasa ne.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Ba Nijar kaɗai ta ɗauki wannan hanya ba. Cikin shekara ta 2003 ƙasashen duniya sun amince da wata yarjejeniya ta yaƙi da taba a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta fara aiki a watan Fabrairu na 2005, kuma Nijar ta tabbatar da shigarta a wannan shekarar. Ƙasar Ailan ce ta fara hana taba a dukkan rufaffun wuraren aiki, a watan Maris na 2004. Ingila ta bi baya a 2007. Faransa ta hana a ofisoshi da makarantu a 2007, ta hana a gidajen abinci da na shaye-shaye a 2008. A 2025 kuma ta ƙara da lambunan shaƙatawa, da bakin teku, da wuraren jiran mota, da kewayen makarantu. Maƙwabciyarmu Najeriya ta kafa tata dokar a 2015.

A ko'ina an yi gardama kafin a fara. An ce mutane ba za su bi ba, an ce kasuwa za ta mutu. Aka fara, mutane suka saba, kasuwa ta ci gaba da ci. Amfanin kuwa bai daɗe ba ya bayyana. A yankin Sikotilan an kafa dokar a watan Maris na 2006. Lokotorori suka ƙirga masu ciwon zuciya na farat ɗaya da aka kwantar a manyan asibitoci 9, kafin dokar da bayanta. Suka samu yawansu ya ragu da kashi 17 cikin 100. Kuma kashi biyu cikin uku na wannan ragi, a wurin waɗanda ba su shan taba aka same shi. Ba a sayi ƙwaya ko ɗaya ba, ba a gina sabon asibiti ba. Iska kawai aka tsabtace.

Ga ƙasa irin tamu, wannan darasi ne babba. Maganin sankara da na ciwon zuciya ya fi ƙarfin aljihun manomi. Sau da yawa sai an sayar da bisashe ko an jinginar da gona kafin a kai marar lafiya Yamai. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafi ba ya cin ko dala.

Maganganun masu ja

Akwai masu cewa: «Kuɗina ne, ƙirjina ne.» Mun yarda kuɗinka ne. Amma ƙirjin jaririn da ke kusa da kai ba naka ba ne. In ka fita waje, nesa da mutane, magana ta rage tsakaninka da lafiyarka. Ko kuɗin ma, mu yi lissafi. Mu ɗauka kara ɗaya dala 5 ne, kuma mutum yana shan kara 10 a yini. Dala 50 ke nan kullum, jika 7 da rabi a wata, sama da jika 90 a shekara. Wannan kuɗi ya isa buhun hatsi biyu ko uku, gwargwadon farashin kasuwa. Mai gida da ke ƙona buhu uku kowace shekara da hannunsa, yaya za ya yi kukan rani ya yi tsawo?

Akwai masu cewa: «Ai na buɗe taga.» Buɗe taga ko kunna fanka ba ya kawar da gubar. Masana sun tabbatar babu wani ɗan ƙaramin hayaƙin taba da za a ce ba ya cutarwa. Raba ɗaki biyu, nan masu sha can marasa sha, shi ma ba ya magani, don hayaƙi bai san iyaka ba. Yana kuma maƙale wa tufafi da labule da katifa, ya daɗe bayan mai shi ya tafi.

Akwai masu cewa: «Hayaƙin murhu ya fi na sigari yawa.» Gaskiya ne hayaƙin icce yana cutar da mata da yara ƙwarai. Domin haka ne ake kiran jama'a su yi girki a fili, su yi amfani da murhu mai tattalin icce irin Mai Sauƙi. Amma macen da ta yini cikin hayaƙin tuwo, ba adalci ba ne da dare miji ya ƙara mata na taba. Tuwo dole ne, sigari ba dole ba ce.

Akwai matasa masu cewa shisha ba taba ba ce, wai ruwan da ke cikin tulun yana wanke hayaƙin. Wannan kuskure ne mai haɗari. Ruwan sanyaya hayaƙi kawai yake yi, shi ya sa ake zuƙa da yawa ba a ji zafi ba. Zama ɗaya na awa guda yana shigar da hayaƙi ninkin-ba-ninkin na kara ɗaya. Gawayin da ke bisa yana ƙara iska mai guba. Ga kuma bakin tiyo ɗaya yana yawo daga baki zuwa baki, hanyar yaɗa cuta. Ƙasar Mali ta hana shisha gaba ɗaya cikin shekara ta 2022.

Sai maganar ƴan tebur da ke samun na cefane ta sayar da sigari. Ba mu raina sana'ar kowa ba. Dokar ba ta rufe teburinsu ba, ta ce ne kada su sayar wa yaro. Wanda ke sayar wa ɗan shekara 12 kara ɗaya-ɗaya, ya tuna shi ma yana da ƴaƴa. Kuma mu iyaye mu bar aiken yara sayen taba ko kunno ta a murhu. Yaron da ya saba kunno wa babansa, wata rana kansa zai kunna wa. Mafi yawan mashaya tun suna samari suka fara, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu mafi wuya a ƙasarmu shi ne kunya. Yaro ba ya iya ce wa babba ya kashe taba. Mace ba ta iya faɗa wa baƙon mijinta. Fasinja yana tsoron direba. To, a nan ne doka ke da amfani. In an manna takarda a jikin mota ko bango, ba sai wani ya yi rashin kunya ba. Sai ya nuna takardar ya ce: «Baba, ka yi haƙuri, ga abin da aka rubuta.» Mu da muka koyi karatu, wannan aikinmu ne: mu karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Garka, rumbu da daji

Manoma da makiyaya suna da nasu dalilai na musamman. Akwai wata cuta ta shuka da ke zaune cikin ganyen taba, ko da ya bushe. Tana kama tumatir da tattasai da barkono. Ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya ƙanƙance, shuka ta tsumbure, ƴaƴa su ragu. Cutar ba ta da magani in ta kama, sai dai a tuge shukar a ƙona. Tana iya bin hannun wanda ya taɓa taba ta shiga shuka lokacin dashe ko yankan reshe. Saboda haka mai garka ya hana shan taba da taunar ta cikin garkarsa. Duk mai aikin dashe ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa iri.

Sai maganar gobara. Daga kaka zuwa bazara ciyawa ta bushe, iska tana kaɗawa. Guntun sigari ɗaya da aka jefar ta tagar mota ya isa ya tada wutar daji, ta cinye abincin bisashe na wata da watanni. Haka kusa da rumbu, da tarin kara, da harawa, da wurin masu sayar da mai a kwalba bakin hanya. Aikin damina guda yana iya zama toka kafin a ɗebo ruwa.

Mun san akwai masu noman taba a wasu fadamu, kamar a gulbin Maraɗi. Ba mu ce su wayi gari su bar gonarsu ba. Amma ƙasar da ke ba da taba tana ba da albasa da tumatir da kabewa da zogale, waɗanda ake ci kuma ake sayarwa. Ya kamata ma'aikatan gona su taimaka wa masu son canjawa da iri da shawara da hanyar kasuwa.

Taba da filin wasa

Kamfanonin taba sun daɗe da gane cewa hanyar zuwa zuciyar matasa ita ce wasanni. Misali ɗaya shi ne ƙwallon tanis, wasan da mutum biyu ke buga ƴar ƙaramar ƙwallo da faifai mai raga, a tsallake wani zare da aka gitta tsakiyar fili. Cikin shekara ta 1970, a birnin Hustan na Amurka, kamfanin Philip Morris ya zuba kuɗi a gasar tanis ta mata da sunan sigarinsa Virginia Slims. Sunan ya daɗe a kan manyan gasanni har zuwa 1994. Ƴan kallo mata da yawa sun ga sunan taba kusa da ƙarfi da nasara. Domin toshe irin wannan dabara ne yarjejeniyar duniya ta nemi a hana kamfanonin taba ɗaukar nauyin wasanni.

Kowace shekara ana yin babbar gasar tanis ta Roland-Garros a birnin Pari, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Ran 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, tana faɗowa a tsakiyarta. Masu bin wasan a rediyo da talabijin sukan yi ta gardamar wa zai ɗauki kofi. Ga namu hasashen. Filin gasar na jar ƙasa ne, ƙwallo tana rage gudu a kansa, bugu yana daɗewa, saboda haka mai dogon numfashi shi ke cin riba. A wasan ƙarshe na 2025, Carlos Alcaraz ɗan Sipaniya ya ka da Jannik Sinner ɗan Italiya bayan awa 5 da minti 29 ana fafatawa. An haifi Alcaraz a 2003, Sinner a 2001. In lafiya ta ba su haɗin kai, muna ganin su biyun ne za su daɗe suna jan kofin tsakaninsu, kuma a jar ƙasa Alcaraz muke ba rinjaye. Amma a ce wani ya kamo Rafael Nadal, wanda ya ci wannan gasa sau 14, wannan sai an daɗe ana jira.

Abin lura gare mu shi ne, ba mai huhun da taba ta ci da zai yi gudu awa biyar. Haka yake ga ɗan kokawa, da ɗan ƙwallon ƙafa, da mai riƙe da hauya. Tun 1975, da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, filin kokawa ya zama wurin da dubban mutane ke cunkushewa, manya da yara. Muna kira ga masu shirya gasar takobi da na wasannin unguwa su riƙa sanarwa da lasifika cewa ba a shan taba cikin fili.

Abin da ya rage gare mu

Ga abubuwan da muke ganin za a iya farawa da su tun yau, ba tare da jiran kuɗi daga waje ba:

1. Sarakunan tasha da ƙungiyoyin direbobi su manna sanarwa cikin kowace mota, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, a boko da ajami. Direba da karen mota su fara bin ta.

2. Shugabannin likita da na lakwal su hana taba cikin harabarsu gaba ɗaya, har ga ma'aikata. Malamin da ke sha gaban ɗalibai ya rushe darasinsa da kansa.

3. Masu gari da limamai da magadan gari su bayyana dokar a taron jama'a, gidajen rediyon karkara su riƙa maimaita ta.

4. Kowace fada ta samari ta sa wa kanta ƙa'ida: mai son sha ya tashi ya nisanta, kuma ba a ba ƙane.

5. Kowane mai gida ya mai da ɗakinsa wurin da ba a kunna taba, ko baƙo ne ya zo.

6. Hukuma ta riƙa bincike a ofisoshi da gidajen abinci da tashoshi, ta ci tarar wanda ya ƙi ji, babba ko ƙarami, ba sani ba sabo.

Ga ɗan uwanmu mashayi kuwa, ba gaba muke da kai ba. Mun san nikotin ba ya sakin mutum da sauƙi, kuma da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su bari. Amma jiki yana saurin gyaruwa. Awa 12 bayan karan ƙarshe, iskar nan mai guba ta ragu cikin jini ta koma daidai. Cikin ƴan watanni tari da haki suna raguwa. Bayan shekara guda, haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. Ka sa rana, ka gaya wa iyalinka da abokanka, ka nemi shawarar ma'aikacin lafiya mafi kusa. Kafin ranar ta zo, muna roƙonka abu ɗaya: in za ka kunna, ka duba wanda ke kusa da kai.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu ita, ya ba mu damina mai albarka.